GUBAR JINI: ABIN DA AWON ZUCIYA KE FAƊA WA LIKITA

Duk wanda ya taɓa jinyar ɗan'uwa a babban asibiti ya san wannan zama. Tabarma a gindin dogon yaro, buta a gefe, ga kwanon fura ba wanda ya taɓa shi, idon kowa yana bisa ƙofar sashen gaggawa, wanda muke kira irjans. Can an jima sai malamin asibiti ya leƙo da ƴar takarda a hannu, ya kira sunan mai jinya, ya ce a tafi a biya kuɗin wannan awo yanzu-yanzu. Mai jinya ya karɓa ya juya ta, bai san abin da ta ƙunsa ba, ya shiga lalube a aljihu.

Mu ɗauki misali da irin abin da ke faruwa kullum a kasuwanninmu. Mace ce mai sayar da kayan miya, tana da ciwon suga, tsohon gwangwani ya yanke ta a ƙafa. Ta ɗaure da tsumma ta ci gaba da sana'arta, don rumfa ba ta jiran kowa. Kwana uku ƙafa ta kumbura, masassara ta rufe ta. Aka sayo mata ƙwayoyi wurin mai tebur, ta sha, zafin jiki ya sauka da safe, ya dawo da dare. Rana ta biyar ta fara sambatu, ba ta gane ƴaƴanta, numfashinta sama-sama. Wasu suka ce iska ce, aka yi turare. Sai da la'asar aka sa ta a mota. Likita ya duba ta, ya sa mata ruwa da allura, sa'an nan ya rubuta awon jini, a ciki har da wani da ya ce na zuciya ne.

Nan ne gunaguni ke tashi a bakin ƙofa. Ƙafa aka kawo, me ya haɗa ta da zuciya? Wani ya ce ai neman kuɗi ne kawai. To, jama'a masu karatu, a kan wannan awo muke so mu yi magana yau, domin yana da dalili, kuma yana da iyaka, kuma rashin sanin iyakarsa kan sa dangi su yanke shawarar da ba a iya gyarawa.

Mece ce gubar jini?

Abin da ya kama wannan baiwar Allah shi likitoci ke kira sepsis, tsofaffin ma'aikata kuma sun fi sabawa da septisemi. Mu za mu kira shi gubar jini, ko da yake ba guba aka ba mutum ba. Ƙwayar cuta ce ke shiga ta wata kafa: miki, huhu, hanji, mafitsara, mahaifa bayan haihuwa, ko cibiyar jariri. Jiki ya tashi yaƙi da ita kamar yadda ya saba. Amma wani lokaci yaƙin kan wuce gona da iri, sojojin jiki su bar abokin gaba su shiga ɓarna a cikin gida. Jijiyoyin jini su saki, ruwa ya riƙa tsiyaya daga cikinsu, tansiyo ya faɗi, ƙoda ta rage fitsari, ƙwaƙwalwa ta rikice. A shekara ta 2016 manyan likitocin wannan fanni na Turai da Amurka suka daidaita a kan ma'ana guda: gubar jini ita ce lokacin da martanin jiki ga ƙwayar cuta ya fara lalata gaɓoɓin ciki har rai ya shiga haɗari. In abin ya kai tansiyo ya ƙi tashi sai da maganin matse jijiya, sun ce fiye da mutum 40 cikin 100 ke rasuwa a asibiti.

Ba ƙaramar cuta ba ce. Wani babban lissafi da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a farkon 2020 ya nuna cewa a shekara ta 2017 kusan mutum miliyon 49 suka kamu da ita a duniya, miliyon 11 suka mutu, wato kusan mutuwa guda cikin kowace biyar. Yara ƴan ƙasa da shekara 5 sun kai miliyon 20 cikin waɗanda suka kamu, kuma ƙasashen Afirka na kudu da Sahara suna cikin masu ɗauke da kaya mafi nauyi. A wannan shekara ta 2017 ne babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙuduri a kanta, kuma 13 ga Satumba ita ce ranar da aka keɓe mata.

Mu a nan ba mu saba jin sunanta ba, don kuwa sunan abin da ya buɗe mata ƙofa muke faɗa. Mukan ce sanƙarau ya kashe wane, ko tifoyid ta fasa masa hanji, ko masassarar jego ta tafi da wance. A annobar sanƙarau ta 2015, wadda ta fi tsanani a Yamai, an ƙirga kimanin mutum 8500 da suka kamu, 573 suka rasu, kuma ƙwayar sanƙarau tana cikin masu saurin shiga jini. A Maraɗi, masu bincike na cibiyar Epicentre sun auna jinin yara 311 da aka kwantar saboda tamowa mai tsanani, a sakamakon da suka buga a 2013 suka ce kashi 17 cikin 100 na ɗauke da ƙwayar cuta a cikin jininsu.

Buhu da amalanke

Zuciya tsoka ce, girmanta bai wuce dunƙulen hannu ba, tana bugawa wajen sau dubu ɗari a rana, tana tura jini kamar lita 5 kowane minti ga babban mutum da ke zaune. In gubar jini ta zo, aiki kan ninku a kanta. Jijiyoyi sun saki, dole ta ƙara gudu don jini ya kai ƙwaƙwalwa da ƙoda. Ga shi ita kanta jinin da ke ciyar da ita ya ragu, tunda tansiyo ya faɗi. In huhu ya kamu, iskar oksijan ma ta yi ƙaranci. Sa'an nan sinadaran yaƙin nan da jiki ke zubawa suna sa tsokarta sanyi. An ƙara wa jaki kaya, an rage masa harawa.

Abubuwa biyu ake nema a jini don a san halin da take ciki.

Na farko sunansa turoponin, a takarda za ku ga an rubuta troponine. Wani sinadari ne da ke zaune cikin zaren tsokar zuciya, shi ke taimaka mata ta matse ta saki. Wani masanin Japan, Setsuro Ebashi, ya gano shi a shekarun 1960, sa'an nan wani likitan zuciya na Haidelbag a Jamus, Hugo Katus, ya ƙirƙiro hanyar auna shi cikin jini a shekarun 1980. Daga shekara ta 2000 ya zama babban ma'aunin da likitocin duniya ke gane toshewar jijiyar zuciya da shi. Wurin zamansa cikin tsoka ne, a jinin mai lafiya ɗan kaɗan ne ƙwarai. Duk mai fataucin hatsi zai gane wannan: in ka bi bayan amalanke ka ga gero yana zuba a hanya, ka san buhu ya huje. Yawan geron da ke ƙasa shi ke gaya maka girman ɓarnar. Amma geron ba zai gaya maka ko ƙusa ce ta huda buhun ba, ko ɓera, ko wuƙar ɓarawo.

Na biyu shi ne BNP, da ɗan'uwansa NT-proBNP. Wannan ba zuba yake ba, zuciya ce da kanta ke aika shi. Idan ɗakunanta suka cika suka miƙe fiye da ƙima, sai ta saki wannan saƙo zuwa ga ƙoda, a fitar da gishiri da ruwa, a rage mata nauyi. Kukan amalanke ke nan in an labta mata kaya. Masu bincike a Japan ne suka fara samo shi a 1988, kuma abin dariya a ƙwaƙwalwar alade suka same shi, daga baya aka gane zuciya ce babbar mai yin sa.

To, ashe awo guda yana cewa tsoka ta ji rauni, ɗayan yana cewa tsoka ta wahala.

Abin da bincike ya nuna

Da aka fara auna waɗannan abubuwa ga masu gubar jini, an sha mamaki. Mutanen da ba su taɓa ciwon zuciya ba, da yawansu an tarar turoponin ya hau. A 2013 wasu likitocin Faransa suka tattara bincike 13 da suka ƙunshi marasa lafiya 1227. Suka samu kashi 61 cikin 100 turoponin ɗinsu ya hau, kuma haɗarin mutuwa ga waɗannan ya kusa ninki biyu na waɗanda nasu bai hau ba. Shekara guda kafin nan, a 2012, wasu a ƙasar Sin sun tattara bincike 12 a kan BNP, mutum 1865, su ma suka ga hawansa yana tafiya tare da mutuwa. A Italiya kuma aka auna mutum 995 masu gubar jini mai tsanani da na'urori masu kaifi, a rahoton 2016 aka ce fiye da 8 cikin 10 turoponin ya hau, NT-proBNP kuwa kusan dukansu.

Mu tsaya kan wannan ninki biyu, domin nan ne ake samun kuskure. Mu ƙaddara, don misali kawai, cikin mutum 100 da awonsu ya fito lafiya 20 ne ke rasuwa. Ninki biyu yana nufin cikin 100 da awonsu ya hau wajen 38 ko 40 za su rasu. Saura 60 fa? Sun tashi sun koma gida. Lissafin taro ne, kamar yadda dillalin albasa ya san cikin buhu ɗari da aka ɗauko daga Galmi a lokacin zafi wasu za su ruɓe kafin Kwatano, amma bai isa ya nuna maka buhun da hannu ba tun a tasha. A binciken nan na BNP ma, cikin waɗanda suka rayu kusan 4 cikin 10 awonsu ya nuna haɗari, suka kuma rayu.

Don haka awon nan ba duba ba ne, ba kuma shiga gaibu ba ne. Rai yana hannun Mai shi. Likita yana karanta alama ne kamar yadda manomi ke karanta hadari, ya kwashe shanya.

Akwai kuma wani abin da ya kamata dangi su sani, wanda a ganinmu ya fi duk alƙaluman nan daɗin ji. A 1984 wata likita a Amurka, Margaret Parker, da abokan aikinta suka bi mutum 20 da gubar jini ta kayar wa tansiyo, suna ɗaukar hoton aikin zuciyarsu. Zuciya mai lafiya kan fitar da fiye da rabin jinin da ke cikinta a kowane bugu. Cikin 13 da suka rayu, 10 zuciyarsu ta yi laushi har ba ta fitar da kashi 4 cikin 10. Kafin kwana 10 ta koma daidai. Wannan rauni na gubar jini sau da yawa na wucin gadi ne: in an kashe cutar, an riƙe mara lafiya ya tsallake kwanakin farko, zuciya kan farfaɗo.

Mun sha ganin akasin haka a bakin asibiti. Da an ce awon zuciya ya yi sama, sai wani dattijo cikin dangi ya ce a daina ɓarnar kuɗi, a mai da ita gida ta cika a ɗakinta. A cire ruwa, a cire allura, a nemo mota. Alhali ma'anar awon ita ce a ƙara sa mata ido. Wanda awonsa ya hau shi ya fi kowa bukatar gadon asibiti, shi ya kamata a riƙa auna wa tansiyo da fitsari a kai a kai, shi ya cancanci sashen farfaɗowa da ma'aikata ke kira reya in akwai wuri, shi za a tura babban asibiti tun yana iya jure hanya. Amfanin awon ke nan a sashen gaggawa, inda gado ya yi kaɗan, mutane sun yi yawa, kuma wani zai shigo da ƙafarsa yana magana alhali cikinsa ya riga ya fara rushewa.

Inda awon ke ruɗarwa

Ba za mu ɓoye muku ba, su kansu likitoci ba su daidaita a kan darajarsa ba. Wasu bincike, kamar wanda aka yi a Finlan aka buga a 2011, sun ga cewa in ka riga ka lissafa shekarun mutum da halin ƙodarsa da sauran alamun tsanani, turoponin ba ya ƙara wani sabon labari mai yawa. Wato mai yiwuwa ne shi ɗan rakiya ne: jiki duka ya jigata, zuciya na ciki. Kuma babu lamba guda da duniya ta yarda da ita a ce daga nan haɗari ya fara ga mai gubar jini, don na'urori sun bambanta, abin da wannan labo ya kira hawa ba lallai ya yi daidai da na wancan ba. Kada ku ɗauki takardar wannan asibiti ku gwada da ta maƙwabcinku.

Abubuwa da dama na ɗaga shi. Mai ciwon ƙoda yakan zauna da turoponin da NT-proBNP a sama ko ba ya masassara. Tsufa na ɗaga BNP, ƙiba kuwa na saukar da shi. Sa'an nan hawan turoponin ga mai gubar jini yawanci ba toshewar jijiyar zuciya ba ce. Wannan bambanci yana da muhimmanci, don mai toshewar jijiya ana ba shi magungunan tsinka jini, mai gubar jini kuwa jininsa kan riga ya rasa ƙarfin daskarewa, in aka ba shi ba bisa ƙa'ida ba sai ya yi ta zubar jini. Shi ya sa likita zai iya neman a ƙara da awon ECG, wanda ke zana bugun zuciya a takarda, ko a yi wa zuciya eko. Zai kuma iya cewa a sake awon bayan wasu awoyi. Ba mantuwa ya yi ba, so yake ya ga ko lambar hawa take ko sauka, kamar yadda ba a sanin inda farashin wake ya dosa da cin kasuwa guda.

Ga mata akwai wani ƙarin bayani. Ƙasar Hausa tana cikin wuraren da aka fi samun ciwon zuciya na bayan haihuwa a duniya. An yi nazarinsa a Zariya tun shekarun 1970, inda aka danganta shi da kunun kanwa da zafin wankan jego, aka kuma yi nazarinsa a babban asibitin Yamai a shekarun 1980 da 1990. Mai jego da ta zo da haki da masassara, tana iya zama gubar jini daga mahaifa, tana iya zama wannan ciwon zuciya, tana iya zama duka biyun. Na farko yana son ruwa, na biyu ruwa ke shaƙe shi. A irin wannan hali awon BNP da eko na iya raba gardama, kuma dole mai jinya ta gaya wa likita gaskiya: yaushe aka haihu, a ina, ana shan kanwa ko ba a sha, ƙafa ta kumbura ko ba ta kumbura ba.

Kuma mu tuna, galibin binciken da muka ambata an yi su ne a Turai da Amurka da Sin, a kan tsofaffi masu hawan jini da ciwon zuciya. Marasa lafiyarmu sun fi ƙuruciya, kuma suna zuwa da nasu kayan: zazzaɓin cizon sauro, ƙarancin jini, sikila, tamowa.

Maganar ƙarin ruwa

Mu mutanen kasuwa muna da imani da sirom. In an kai mutum asibiti ba a rataya masa leda ba, gani muke ba a yi masa komai ba. In guda ta ƙare ba a sa wata ba, sai a bi malamin asibiti da magiya, wani har da faɗa.

Gaskiya ne mai gubar jini yana bukatar ruwa. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta 2021 ta ba da shawarar mililita 30 ga kowane kilo na nauyin babban mutum cikin awa 3 na farko in tansiyo ya faɗi, wato mai kilo 60 zai sha kusan leda 4 ta rabin lita. Amma zuciyar da ta yi laushi ba ta iya juya ruwa mai yawa, sai ya taru a huhu. Kuma a Afirka aka koyi wannan darasi. A 2011 aka buga sakamakon wani gwaji a Yuganda da Kenya da Tanzaniya, a kan yara 3141 masu zazzaɓi mai tsanani da alamun raunin zagayawar jini. Waɗanda aka ɗura wa ruwa da sauri, sama da 10 cikin 100 suka rasu cikin kwana biyu, waɗanda aka ba a hankali kuwa wajen 7 cikin 100. Su kansu masu gwajin ba su zaci haka ba, har aka tsayar da shi kafin lokaci. A Lusaka ta Zambiya aka yi makamancinsa a kan manya 209, aka buga a 2017: cikin waɗanda aka yi wa tsarin ruwa mai yawa 48 cikin 100 suka rasu a asibiti, waɗanda aka bi da su yadda aka saba 33 cikin 100. A asibitin da ba shi da isassun injinan taimakon numfashi, ruwan da ya wuce kima ba shi da mai kwashe shi.

Saboda haka in likita ya rage gudun ledar, ko ya ce a dakata, musamman bayan ya ga awon zuciya, ba rowa ba ce. Kada mai jinya ya kai hannu ya murɗa maɓallin da dare don a gama da wuri. Ana yi, mun gani.

In kuɗi ba su isa ba

Yanzu ga tambayar da ta fi damun mai jinya. An miƙo masa takarda biyu, ɗaya ta magani, ɗaya ta awo, abin da ke ɗaure a bakin zane kuwa ba zai ɗauki duka ba. Awon zuciya na manyan asibitoci ne da labo na birni, ba a samun sa a CSI na ƙauye, kuma yana da tsada. Tun 1 ga Satumba 2024 gwamnati ta rage rabin kuɗin ganin likita da kwanciya da awo a asibitocinta, duk da haka jikka ƴan kaɗan ba su kai mutum ko'ina in ciwo ya yi tsanani.

Shawararmu ita ce a buɗe baki a tambayi likita kai tsaye: ga abin da muke da shi, wanne za mu fara? Ba abin kunya ba ne. Kuma mun tabbata zai ce magani. Awon turoponin bai taɓa kashe ƙwayar cuta ko guda ba. Abin da ke ceton mai gubar jini shi ne allurar antibiyotik da ta dace da wuri, da ruwa gwargwado, da oksijan, da kawar da tushen cutar: a tsaga ƙurji, a wanke mahaifa, a ɗinke hanjin da tifoyid ta fasa, a gyara mikin ƙafa. Ƙa'idar nan ta 2021 cewa ta yi a ba da antibiyotik cikin awa guda ga wanda tansiyonsa ya faɗi, ba ta ce a jira awon zuciya ba. Awon da ta fi ƙarfafawa ma wani ne daban, na sinadarin laktat, wanda ke hawa in jini ba ya isa ga tsoka. Wani likita a Kanada, Anand Kumar, ya nuna a 2006 cewa bayan tansiyo ya faɗi, kowace awa ta jinkiri tana rage masu tsira da kusan kashi 8 cikin 100. Wani bincike na 2017 a jihar Niyok, kan mutum sama da 49000, ya samu ragin bai kai haka ba, amma hanya ɗaya ya nuna. Ku gwada wannan da kwana biyar ɗin da mai kayan miyarmu ta yi a gida.

Akwai kuma awon da ba a biya, wanda kowace uwa za ta iya yi a ɗaki. Ku ɗauki agogon salula ku ƙirga numfashi na minti guda. Babban mutum mai masassara da ya kai 22 ko fiye, abin dubawa ne. Yaro ɗan shekara 1 zuwa 5 in ya kai 40, ɗan wata 2 zuwa shekara in ya kai 50, jariri ƙasa da wata 2 in ya kai 60, a tafi asibiti. Ku matsa farcensa har ya yi fari, ku saki: in jan bai dawo cikin daƙiƙa 3 ba, jini ba ya zagayawa yadda ya kamata. Wannan dabara ba ta ƙauye ba ce kawai, an gwada ta a asibitocin ƙasashe 5 na Kudancin Amurka kan mutum 424, aka buga sakamakon a 2019, ba ta gaza awon laktat ba wajen jagorantar magani. Ku lura da fitsari, in an wuni babu, ƙoda ce ke magana. Jaririn da ya ƙi nono, ko jikinsa ya yi sanyi, ko cibiya na ruwa da wari, ba a kwana da shi. Mai jego da ke masassara da ciwon mara da jini mai ɗoyi, haka nan. Sambatu da rashin gane mutane ga mai zafin jiki kuwa, kafin a ce iska, a fara kai shi a auna masa tansiyo. Addu'a ana yin ta a cikin mota.

Ƙwayoyin mai tebur su ma suna da nasu laifin a nan. Kafso biyu yau, uku gobe, ba sa kashe cutar, sai dai su rufe masassara su koya wa ƙwayar jure magani. In kun je asibiti ku tafi da kwalin duk abin da aka sha, ku nuna.

Bayan an sallamo

Wanda ya tashi daga gubar jini ba ya komawa yadda yake a mako guda. Kasala, mantuwa, rashin barci, ramewa, duk ana ganinsu har watanni. Turoponin kansa yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu kafin ya sauka. Wani bincike a Kaliforniya kan mutum sama da 14000, wanda aka buga a 2021, ya samu cewa waɗanda turoponin ɗinsu ya hau lokacin ciwon sun fi saura samun matsalar zuciya cikin shekarar da ta biyo baya. Don haka takardar awon nan kada a ƙunshe ƙosai da ita. A adana ta tare da karnen asibiti, a koma ranar da aka ce a koma, a nuna wa duk likitan da zai duba mutumin nan gaba.

Ita kuma mai rumfa, mun san bashin jinya na jiranta, ga zubin adashe ya taru. Ta fara da rabin wuni, ta bar wa yara ɗaukar buhu da tafiya sari. In ta ga tana haki daga bakin kasuwa zuwa rumfarta, ko takalmi ya fara matse ta da yamma, ko ba ta iya kwanciya sai ta tara matashin kai, ta koma asibiti a ranar, da takardar a hannunta.